Riƙon Tsohon Babur a Ƙasar Cadawa

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri, ta gifta bakin Maraɗi, sannan ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa kafin ta shiga Tasawa. A Cadawa ne reshen da ke zuwa Mayahi ya ɓalle ya yi arewa. Wannan ita ce kwaltar da mutanen yankin suka fi dogara da ita, amma mafi yawansu ba a bakinta suke zaune ba. Ƙauyukansu na can cikin jigawa, tsakanin gonakin hatsi da wake da gyaɗa da aya, inda hanya ba ta wuce sawun amalanke da yashi ya cike ba. Motar haya ba ta leƙa irin waɗannan wurare sai ranar kasuwa, in damina ta yi ƙarfi ma ko ranar kasuwar ba lalle a gan ta ba. Wanda ke da mai naƙuda cikin dare, ko buhun aya da yake so ya riski kasuwa tun masu saye ba su watse ba, ko gaisuwar mutuwa a wani gari, babur yake nema.

Shi ya sa ba a yar da babur a nan don ya tsufa. Za ka ga wanda fentin tankinsa ya koɗe har ba a karanta sunan kamfaninsa, agogon gudu ya daina motsi tun shekarun baya, murfin gefe ɗaure da waya, amma da an taka shi sau ɗaya ya tashi. In ka tambayi mai shi yadda ya yi ya riƙe shi haka, ba zai ce maka shi kaɗai ya yi ba. Zai lissafa maka bakaniken da ya san injin ciki da waje, da mai waldar da ya ƙarfafa masa kariya, da abokin da ya sayo masa fistin daga Maraɗi, da wanda ya taɓa tura shi da ƙafa daga daji har gari. Tsohon babur a wannan ƙasa aikin gayya ne.

Farkon masu babur a ƙauyukan nan ma'aikata ne: malaman gona, da malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya. Wasu mobilet ɗin Faransa suke hawa, mai feda irin ta keke, wasu kuma Yamaha DT mai dogayen ƙafafu da ayyukan raya karkara ke raba wa ma'aikatansu. Ta ɓangaren kudu kuma, lokacin da kuɗin man fetur ya bunƙasa a Najeriya, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, baburan Japan suka cika Kano da Katsina, daga can 'yan kasuwa suka riƙa tsallako da su. Honda Roadmaster mai salansa biyu shi ne babur ɗin doguwar tafiya na wancan zamani, na alhazai da manyan malamai. Amma wanda ya fi kowane barin zuriya shi ne Honda CG 125. A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa ƙasashe masu tasowa, musamman na kudu maso gabashin Asiya, su ga yadda talakawa ke amfani da babur. Suka tarar ana loda masa iyali guda, ba a canja baƙin mai sai ya yi kauri, matatar iska kuma ta toshe da ƙura. Sai suka ƙera inji mai sauƙin gini wanda zai jure wa irin wannan riƙo, da matatar iska ta soso da za a iya wankewa a mayar. A 1975 ya fito kasuwa. Waɗannan mutane ba su zo Agye ba, amma sai ka ce da ita suka yi shawara.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sabon babur na Japan ya fi ƙarfin aljihun talaka. Waɗanda suka cike gurbin su ne baburan Sin, irin su Kasea da Jincheng da Haojue, da yawansu kuma injin CG ɗin nan suka kwaikwaya. Daga baya Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya shigo da doguwar kujerarsa. Wannan kwaikwayo ya yi wa tsofaffin babura rana, domin kayan wani sukan shiga wani. Akwai babur da in aka bi shi gaɓa-gaɓa, ƙashin jikinsa na Japan ne, silinda ta Sin, fitila kuwa Allah kaɗai ya san inda ta fito. Wasu kuma abin da ya faru a biranen Najeriya ne ya koro su nan. Lokacin da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, da lokacin da Legas ta tsananta hana shi a wasu ƙananan hukumominta a 2020 da 2022, 'yan cin rani da dama sun tattaro baburansu sun yo gida, suka koma kabu-kabu tsakanin bakin kwalta da ƙauyuka.

Sayen tsohon babur yana da tsarinsa. Mutum ba ya zuwa shi kaɗai. Mai saye zai ɗauki wanda ya san inji, ko bakanikensa ko wani tsohon ɗan kabu-kabu, su je wurin dillali. Masanin ba ya kallon fenti, don ya san ana wanke babur a shafe shi da mai ranar da za a kai shi kasuwa. Zai fara taɓa injin da bayan hannu ya ji ko an riga an ɗumama shi, domin inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. Zai tayar da shi ya kasa kunne, ya tara tafin hannu a bakin salansa ya duba ko hayaƙin ya bar maiƙo, ya girgiza ƙafar baya, ya tsuguna ta baya ya hango ko ƙafafun biyu suna kan layi ɗaya, don babur da ya taɓa mummunan faɗuwa ba ya komawa daidai. Sai a shiga ciniki, ana tayi ana cewa albarka, har a sallama. A biya dillali la'adarsa, a rubuta takarda a gaban shaidu. Wannan takarda a da ba kowa ya damu da ita ba. Yanzu kuwa, da satar babura ta yi yawa, wanda ya saya ba shaida ya sayo wa kansa rigima.

Idan aka iso gida da shi, sai maƙwabta su fito. "Allah ya sa rai aka yi wa." "Allah ya sa a kashe lafiya." "Allah ya tsare sharrin ƙarfe." Mai shi zai yi sadaka gwargwadon hali, ko goro ko dabino ko ƙosai ga almajirai, wani ya kai shi ƙofar liman a yi addu'a. Akwai masu ɗaura laya a ƙarƙashin kujera ko a wuyan babur inda ido ba ya kaiwa, akwai kuma masu ganin hakan bai halatta ba, su tsaya ga addu'ar hawa abin hawa. Dukansu a gari ɗaya suke, a inuwa ɗaya suke ajiye baburansu.

Inuwar nan ita ce cibiyar komai. A kowane gari na bakin hanya akwai wata bishiyar bedi ko rumfar kwano inda bakanike ya baje kayansa: akwatin sifana, tsohon kwanon da ake wanke ƙananan ƙarafa da fetur, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da man shekaru. Kusa da shi mai faci da famfonsa da bahon ruwan da yake neman huji. Gaba kaɗan mai walda. A gefe kuma fada, inda samari ke zaune kan benci, butar shayi na kan gawayi. Mutum ba ya kawo babur ya tafi ya dawo ya ɗauka. Zama yake yi ya ga abin da ake yi wa abinsa, kuma duk wanda ke wurin yana da bakin magana.

"Maigida, tun jiya yake shaƙewa in na ja mai."

"Tayar da shi mu ji."

Kafin bakanike ya buɗe baki, mutum uku sun riga sun yanke hukunci. Wannan ya ce kafireta ce ta sha ƙasa, wancan ya ce fulogi ne, wani dattijo daga kan tabarma ya ce a duba man da aka sha jiya, wataƙila an gauraya shi. Bakanike ya yi shiru, ya ce wa yaronsa, "Kai, miƙo min goma." Yaron ya miƙo sifana mai lamba 10, wadda kusan rabin ƙusoshin babur ita ke kwance su, kuma ita ce ta fi kowace ɓacewa a gareji. In aka gano ciwon, wanda ya canka daidai zai yi ta tunatar da fadar har sati ya zagayo. Wannan hayaniya ba banza ba ce. A nan ne sabon mai babur ke koyon abin da ba a rubuta masa a ko'ina ba: ya san ƙarar tafet in ya saki, ya bambance ta da ƙarar sarƙa, ya san farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce zoben fistin ya cinye inji ya fara shan baƙin mai, baƙin hayaƙi kuma fetur ne ya yi wa iska yawa.

Yaran gareji da kansu wata al'ada ce. Uba ne ke kama hannun ɗansa ya kai wa bakanike, ya ce, "Ga amana." Yaro zai fara da wanke ƙarafa da ɗebo ruwa da aike, ya yi shekaru kafin a bar shi ya buɗe inji shi kaɗai. Ba albashi, sai kuɗin abinci da ɗan abin da masu babura suka miƙa masa. Ranar da maigida ya ga ya ƙware sai ya sallame shi da addu'a, wani har ya haɗa masa 'yan sifanu, ya je wani ƙauye ya nemi tasa inuwar. Ko ya yi furfura, in ya haɗu da aikin da ya gagare shi, wurin maigidan zai koma.

Yanayi ma yana da nasa hukunci a kan inji. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Mai kula yakan cire soson matatar iska ya wanke ya ɗan shafa masa mai, marar kula kuma in soson ya toshe sai ya cire ya jefar, ya ji babur ya ƙara ƙarfi ya yi murna. Murnar ba ta daɗewa, don yashin da ke shiga yana cin silinda a hankali. Wannan ɗabi'a ta kashe injuna fiye da haɗari. Da bazara zafi ne, tunda iska ce kaɗai ke sanyaya waɗannan injuna, sai ka ga matafiyi ya tsaya a gindin gawo ya ba babur hutu. Tsofaffin hannu suna hana yara watsa wa inji ruwa yana da zafi. Da damina kuwa fadamun Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi sukan cika, a ɗauki babur a kafaɗa mutum huɗu a tsallaka da shi, a biya su ɗan abin goro. Sarƙa ita ce ke shan wahala a kowane lokaci: in ba a sa mata mai ba ta bushe, in aka cika mata mai yashi ya manne ya cinye haƙoran faranti. Shi ya sa masu shiga jigawa ba sa wasa da murfin sarƙa.

Ba wanda ke barin babur yadda kamfani ya ƙera shi, domin kamfani bai san nauyin buhun hatsi biyu da rago a bisa ba. Abin da ake fara yi shi ne kai shi wurin mai walda ya ƙara wa kariya rodi, ya faɗaɗa ta, ya tokare ta da ƙashin babur. Sai a canja shokazoba a sa masu ƙarfi, wasu har su jera bibbiyu a kowane gefe. A sauya wayoyin ƙafar baya da masu kauri. Mai shiga yashi kullum yakan sa babban faranti a baya, gudu ya ragu amma ƙarfin ja ya ƙaru, kuma in ya zo inda yashi ya yi zurfi ya ɗan rage iskar taya. Saboda ƙayar aduwa da ta gawo da tsidau, ana yanka tsohon tib a shimfiɗa cikin taya kafin a sa sabon. Ragowar tib ɗin kuma a tsaga shi dogo-dogo ya zama robar ɗaure kaya, wadda ba babur ɗin ƙauye da za ka gani babu ita a naɗe a kariyarsa. Kujera a ƙara mata soso a tsawaita ta. A zamanin nan an ƙaro wasu: a cire tsohuwar fitila mai lumshewa a sa fara mai haske, a jawo waya daga batir a yi wurin cajin salula, domin a ƙauyen da ba lantarki mai babur shi ne mai wuta.

Akwai gyaran da ban ga hikimarsa ba. Samari da yawa, ranar da babur ya shigo hannunsu, madubai suke fara kwancewa, wai na tsofaffi ne. Wasu su huda salansa don a ji zuwansu tun daga nesa. Hular kwano kuwa, in akwai ta, tana rataye a hannun babur tana jiran a hango jandarma. A kan kwaltar da manyan motocin kaya ke bi dare da rana, mutumin da ba ya ganin bayansa yana caca ne da ransa da na wanda ya goya. Haka wasan babur ranar ɗaukar amarya, inda ake ɗaga ƙafar gaba ana juyi cikin taro. Dattawa suna faɗa, limamai suna faɗa, amma biki na gaba sai an sake.

Ado kuwa sai wanda ya gani. Wannan ƙasa ce ta mahaya tun asali. Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi da Gobirawan da suka kafa Tibiri a kan doki suka yi zamaninsu, kuma yadda mai doki ke ji da sirdi da linzami da jalala, haka jikansa ke ji da kujera da hannu da tanki. Ana ɗinka wa kujera riga mai geza, ja da kore da rawaya. A naɗe hannaye da zare ko leda mai launi, a rataya tuntaye su riƙa kaɗawa cikin iska. Tanki a sa masa riga mai aljihu, inda takardu da goro da salula ke zama. Robar da ke tare taɓo a baya kuwa allo ce, kowa da abin da yake rubutawa: "Haƙuri maganin duniya", "Rabo", "Sai Allah", "Na gode Inna". Wani hoton shehinsa zai manna, wani na ɗan kokawar da ya ɗauki takobi, wani tambarin Barcelona ko Real Madrid, wani tauraron fim ɗin Kano. Daga nesa ana gane babur ɗin dattijo: madubansa biyu suna nan, buzun salla a ɗaure a baya, ba ƙyale-ƙyale. Wanda ya sayi sabo kuma yakan bar ledar kamfani a jikinsa har ta yage don kanta, a san dai sabo ne. Mai tsohon babur ba shi da leda, sai ya rama da wanki. Ranar jajibirin salla ba ka samun wuri a bakin rijiya ko famfo, kowa na goge wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

A kan hanya akwai dokar da ba hukumar da ta kafa ta. Ba a wuce mutumin da ya tsaya da babur a daji. Ko ba ka san shi ba sai ka rage gudu.

"Sannu ɗan'uwa, lafiya?"

"Wallahi mai ne ya yanke min."

Sai a zare tiyon da ke ƙarƙashin tanki a tsiyaya masa a gorar ruwa, abin da zai kai shi gari. Sau da yawa ba a karɓar kuɗi, sai "Allah ya saka" da "Allah ya kiyaye hanya". Kafin taimako ya zo ma mai babur yana da dabarunsa: ya kwantar da shi gefe don ragowar man da ya maƙale a ɗaya ɓangaren tanki ya gangaro, ya hura bakin tanki, ya sami abin da zai ƙara masa 'yar tafiya. In fulogi ne, wani zai ciro nasa na ajiya. In inji ne ya ƙi gaba ɗaya, sai a yi turin ƙafa: mai lafiyayyen babur ya ɗora ƙafarsa a matakin bayan matacce, ya tura shi suna tafe tare har garejin da ya fi kusa. Aiki ne mai wuya a cikin yashi, kuma wanda aka yi wa ba ya mantawa. Sai dai rashin tsaro ya fara taɓa wannan ɗabi'a. Da dare, a hanyoyin da ke kusa da iyaka, mutum yakan yi tunani biyu kafin ya tsaya wa wanda bai sani ba.

'Yan kabu-kabu sun fi kowa tsari a wannan fanni. Kowace tasha da shugabanta da layinta. Suna zuba adashi, kwasar wani ta tafi ga sabuwar taya, ta wani ga sauke inji. In ɗayansu ya yi haɗari ko aka kama masa babur, a yi karo-karo. Da yawansu ba su ne masu baburan ba. Wani ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci ya saya ya ba su, suna kai masa abin da aka yi yarjejeniya kowace rana ko kowane mako, wani lokaci da sharaɗin in an cika adadi babur ya zama na mai tuƙi. A fada an san bambancin riƙon babur ɗin haya da na mai shi, kuma masu saye ma sun sani, shi ya sa tambayar farko ita ce, "Ya yi kabu-kabu?" Mata ba kasafai suke tuƙi a ƙauyukan nan ba, amma kuɗinsu na ciki. A nan jihar Maraɗi ne aka faro asusun Mata Masu Dubara a 1991, kuma ba baƙon abu ba ne uwa ta haɗa kwasar asusu da kuɗin akuyoyinta ta tayar wa ɗanta da babur, don ya zauna gida maimakon tafiya Libiya ko Aljeriya.

Mai da kayan gyara duka iyaka ce ke juya su. Shekara da shekaru abin da babura ke sha a nan shi ne ruwa-ruwa, fetur ɗin Najeriya da ake jerawa cikin kwalabe a kan tebur a bakin hanya. Ko bayan da matatar Soraz ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, na kwalba ya fi na gidan mai araha, kuma ya fi shi kusa. Illarsa ita ce datti da gauraye, shi ya sa ake tace shi da ƙyalle a bakin mazurari, kuma kusan kowane tsohon babur an ƙara masa 'yar matatar roba a tiyo. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an ji a jika. Da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kwalba ta yi tsalle. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya biyo baya, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta tsaya. A irin wannan lokaci ne ake gane bakaniken gaske, wanda zai yanka gasket daga kwali, ya gyara abin da a da jefarwa ake yi.

Kayan gyaran da kansu hawa-hawa ne. Akwai na asali, akwai mai bi masa, akwai wanda ake sayarwa da sunan na asali alhali kwalin ne kawai na asali. Yawancinsu daga Sin suke fitowa, su bi ta hannun 'yan kasuwar Nnewi da Legas, su zo Kano da Katsina, su tsallako Maraɗi. Ranakun Litinin da Juma'a, da kasuwar Maraɗi ke ci, duk wanda zai shiga birni daga ƙauye yana ɗauke da saƙon mutum biyu ko uku, kuma ba a ba shi suna kaɗai, tsohon ƙarfen ake naɗe masa a leda ya je ya gwada. In mutum ya sayo mai araha ya lalace cikin wata guda, ba mai tausaya masa a fada, sai dai a ce masa araha ba ta ado. Masu tsofaffin baburan Japan su kan fi son tsohon ƙarfe na asali da aka ciro daga wani mataccen babur a kan sabo na kwali.

Akwai wani nauyi da ya hau kan mai babur wanda iyayensa ba su sani ba. 'Yan bindigar da suka addabi Zamfara da Sakkwato da Katsina a kan babura suke yawo, kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira suka tsallako cikin gundumar Gidan Rumji, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. An ga yadda aka hana hawa babur a jihar Difa a 2015 da wasu sassan Tilaberi a 2020, an ga dokar da Katsina ta kafa a 2021 ta hana sayar da mai a jarka da ɗaukar mutum uku a babur ɗaya. Saboda haka takardar duwan da katin mallaka da lamba, waɗanda a da mutumin ƙauye ke ɗauka na 'yan birni ne, sun zama abin da ake naɗewa a leda a ajiye a aljihun tanki. Da dare kuma babur a ɗaki yake kwana, ko da mai shi zai kwana a tsakar gida.

Babban gyara sai da kaka. Duk damina ana lallaɓa inji yana hayaƙi, ana ƙara masa baƙin mai, ana cewa Allah ya kai mu. In aka sayar da aya da wake da gyaɗa, kuɗi ya shigo, sai a sa rana. A shimfiɗa buhu a ƙasa, a sauke inji, a jera kayan cikinsa bi da bi. A aika da silinda Maraɗi a gurje ta a sa fistin da ya ɗan fi na da girma, a canja zobba da sarƙa da faranti da faifan kuloci. Aikin yakan ci yini biyu, abokai na zaune, mai babur ne ke sayen shayi da sukari da abincin yaran gareji. Idan aka ɗaure aka taka ya tashi, sai bakanike ya ja kunne: kada a yi gudu, kada a yi lodi, a dawo a zubar da man farko bayan 'yan kwanaki. Rabin masu babura ba sa cika wannan sharaɗi, don ranar kasuwa ba ta jira.

Silinda ba ta gurzuwa har abada, ƙashin babur ma in walda ta yi masa yawa yakan ƙi riƙewa. Ranar da bakanike ya ce wa mutum, "Alhaji, kuɗinka kawai za ka zuba," sai a jingine shi a bayan rumfa. Daga nan 'yan fada za su fara zuwa, wannan ya sayi tanki, wancan kafireta, wani ya roƙi murfin gefe a ba shi kyauta. Ƙafafun su koma ƙarƙashin kurar ɗiban ruwa. Baƙin man da aka tara a galan a shafa wa itacen rumbu da azara saboda gara. Abin da ya rage, 'yan gwangwan su ɗora a sikeli su biya da kilo, su loda a mota zuwa Najeriya inda ake narka shi.